Kurgan: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

Malamai da 'yan uwa masu fassara, ga wata kalma da ke neman suna. Masu binciken kayan tarihi suna cewa kurgan, kalmar da Rashanci ya aro daga harsunan Turkawa. Kafin mu yi gardama, bari mu ga abin tukuna.

A kwarin Pazirik da ke tsaunukan Altai a Saberiya, mutanen da suka rayu sama da shekara 2,300 da suka wuce sukan haƙa rami mai zurfi, su gina ɗaki da gungumen itace a ciki, su kwantar da babban mutum da kayansa, su jera dawakinsa a gefe, sannan su tula ƙasa da duwatsu a sama: wannan shi ne kurgan. Mai binciken kayan tarihi Mikhail Gryaznov ya haƙa na farko a 1929, sannan Sergei Rudenko ya haƙa wasu daga 1947 zuwa 1949. Ruwa ya tsiyaya cikin ɗakunan ya daskare, duwatsun sama suka hana zafin rana narkar da shi. Shi ya sa aka tarar da gawa da zanen jikinta, da kuma wata tsohuwar darduma da ke gidan tarihin Hamitej a birnin San Fitasbag na Rasha.

To, "kabari" kaɗai bai ɗauke shi ba. Ka ce wa Bahaushe kabari, abin da zai hango tsawon mutum ne da ɗan tudu. Kurgan na farko da aka haƙa a Arzhan, a yankin Tuba na Saberiya, faɗinsa ya kai mita 120. Ina kabari ina wannan?

Wani malami ya kawo "hubbare". Allah ya ƙara ilimi, malam, amma hubbare gini ne da ake ziyarta, kuma yana da ƙamshin walittaka. Ɗora shi kan jarumin da aka binne da dawakansa zai ɓatar da mai karatu. "Dala" kuwa Misra ta riga ta kama ta. "Makabarta" a bar wa kwarin gaba ɗaya.

Saura "tsibi", "tuli" da "tudu". Biyun farko suna da hujja mai ƙarfi, domin suna nuna hannu ne ya tara. Matsalarsu ƙanƙanta, tsibi abu ne da za ka tsallake. Tudu yana da girman, sai dai ana iya ɗauka halitta ce. Ni a ganina wannan ruɗanin ma daidai yake da aikin. Masu binciken kan bi kwarin da ƙafa, su duba hotunan tauraron ɗan'adam, su auna faɗi da tsayi, su sa a taswira, duk ba tare da sun taɓa shebur ba, kuma tambayarsu ta farko ita ce: wannan tudun Allah ne ko na mutum?

Don haka nake ba da shawarar "tudun kushewa", jam'i "tuddan kusheyi". Kushewa ta nuna akwai mamaci a ƙasa, kuma tana da tsufan da ya dace da abin. Ku gwada a jimla: "An ƙidaya tuddan kusheyi biyar manya a kwarin Pazirik." Bai tsaya mini a maƙogwaro ba.

Wanda yake da wadda ta fi, ya kawo ta cikin jimla, kada ya kawo ta tsurarta.