Yana awa biyu kan gem, amma hadda ta minti goma ta gagare shi

Maman Khalifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 9. A boko ƙorafi, a islamiyya ƙorafi: ya yar da littafi, ya katse malam, ya miƙe ana tsaka da karatu. Watan jiya likita ya ce yana da ADHD, wato lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya. Abbansa bai yarda ba. Ya ce yaron da zai yi awa biyu kan gem ko ƙifta ido ba ya yi, ta yaya za a ce ba ya iya natsuwa? Ya yi masa alkawarin keke in ya shiga goman farko a ƙarshen zango, kwana biyu ya dage ya watsar. Yanzu an koma dorina. Wallahi raina ba ya so, amma na rasa amsar da zan ba Abban.

Hajiya Inna, Yakasai:
'Yar nan, ki yi haƙuri, ɗa na kowa ne. Ki dage da addu'a, bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Dukan dai a bari, ƙara kangarar da yaro yake yi.

Ummu Hanan, ma'aikaciyar jinya, Hotoro:
Maman Khalifa, tambayar Abbansa tana kan hanya, kuma gem ɗin nan da keken nan su ne amsar. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da likitoci ke kira sitirayatum, yana aiki tare da ɓangaren da ke bayan goshi, wanda ke tsara aiki da danne son rai. Sinadarin dofamin ne ɗan aike tsakaninsu. Shi ke sa mutum ya ji ɗokin abin da bai riga ya samu ba, har ya jure wahalar yau saboda daɗin gobe. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wajen masu ADHD da yawa, wannan sashe ba ya motsawa sosai a lokacin jiran tukuici. A 2009 Dakta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun auna manya masu lalurar, suka ga wuraren da ke karɓar saƙon dofamin a wannan sashe sun yi ƙasa da na sauran mutane.

To gem kuwa kowace daƙiƙa biya yake yi: maki, ƙara, sabon mataki. Keke yana can bayan wata uku, ƙwaƙwalwar yaron ba ta jin ɗuminsa daga nan. Ba wai ba ya so ba ne, ina da yaƙinin ya fi kowa son keken nan. Ki faɗa wa Abban kuma cewa lalurar tana bin jini sosai, kuma kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. Ba gazawar tarbiyyarku ba ce.

Malam Abu Sumayya, Kurna:
Ina koyar da hadda, na ga irinsu. Maman Khalifa, a farfasa alkawarin keken nan zuwa ƙananan lada. Aya uku, ki ba shi dabino ko ki sa masa alama a takardar da kika manna a bango, a take, ba anjima ba. Alama goma, a fita yawo da Abba ranar Juma'a. Ki bar shi ya yi tilawa a tsaye ko yana zagaya tsakar gida. Wayar ma ta zama lada bayan jinga, ba kafin ta ba.

Yayan Amira, Sharaɗa:
Anti, ni sai da na shiga jami'a aka gano ina da ita. Na sha bulalar da ba ta ƙirguwa, abin da ta koya min kawai shi ne ɓoye littafi da yin ƙarya. Har yau ina jin zafin kalmar "daƙiƙi". Don Allah ki riƙa yaba masa a gaban Abbansa, ko da takalmi ya ajiye daidai.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummu Hanan, likitan ya yi zancen magani, tsoro nake kada ya mayar min da yaro ɗan ƙwaya.

Ummu Hanan:
Tsoronki ba laifi ba ne. Wanda aka fi bayarwa shi ne metilfenidet, da aka sani da Ritalin. Aikinsa hana jijiyoyi saurin janye dofamin, sai saƙon ya ɗan daɗe. In likita ne ke tsara shi yana bibiya, ba a samu cewa yana jefa yara shaye-shaye ba. Yakan rage cin abinci, wani yaron ya kasa barci da wuri, shi ya sa ake auna nauyi da tsawo da bugun zuciya. Kada ki saya a kemis da kanki. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in kuna son ji daga wani likitan. Ki lallaɓa Abban ku je tare, ya yi wa likita tambayar gem ɗin da bakinsa.

Maman Khalifa:
In sha Allah zan nuna masa wannan bayan isha'i. Malam, yau da la'asar za mu gwada aya ukun.