Dan Allah a taimaka, wifi na yankewa tun da aka sa mini Windows 11

'Yar Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuni, ya zafi. Dan Allah mai sani ya taimaka don kaina ya kulle. Kwamfutar nan yayana ne ya sayo mini ita ta hannu shekara uku da suka wuce da ya je Kano sarin kaya, har sai da aka yi 'yar rigima a gida don Inna ta ce keken ɗinki ya kamata a saya, to Allah Ya sa ta yi albarka, da ita na yi duk lisans ɗina kuma da ita nake buga wa mutane takardu ina samun na sabulu, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba in ban da bateri da ya yi sanyi da harafin e da sai an danna da ƙarfi. Yanzu ina rubutun memuwar, malamin da ke duba aikina yana Yamai, babi-babi nake tura mishi. Sai ɗan kawuna ya zo hutu ya ce an daina kula da Windows 10, ya sa mini 11. Tun daga nan wifi sai ya kama in yi minti biyar ko goma ya yanke, wani lokacin ma alamar wifin gaba ɗaya ta ɓace sai na kashe mashin na kunna. Jiya sau huɗu babi na uku na katsewa a hanya. Saura sati uku a ajiye aiki. Ya zan yi?

Ɗan Karkada: Wa alaikumus salam. Wifin na miye, akwatin gida ne ko daga wayarki kike rabawa? Kuma yau kwana nawa da sa Windows 11 ɗin?

Injiniyan Zengo: Ƙanwata kar ki wahalar da kanki, shekarata goma sha biyu ina buɗe mashina. Windows 11 yana da sharaɗi, sai mashin mai TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro da ke cikin mashin, da kuma processa ta Intel daga jenerasiyon ta 8 zuwa sama. Taki ta hannu ce daga Kano, ko ban gan ta ba na san ba ta kai ba, dole aka yi mata, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Magani ɗaya ne, a kwashe takardunki a formate ta a maida 10. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maman Biyu: Ni fa abin da ke ƙona mini rai da waɗannan mizajur ɗin shi ne cin forfe. Ranar Juma'a na sa jiga biyu don yara su yi bincike, kafin la'asar ba ko mega ɗaya, mashin ce ta zauna tana jan kayanta ba ta tambayi kowa ba. Kuma rezo a unguwarmu sai ka hau kan soro.

'Yar Garin Malam: Injiniya na gode amma ɗan kawun nawa ba ɗan koyo ba ne, anfomatik yake karanta shekara ta biyu. Ya ce tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina aiko wa 10 gyaran tsaro, in na zauna a kansa birus zai cinye mini aiki. Core i5 ce jenerasiyon ta 6 kuma tana gudu lafiya lau. Formate kam ba zan iya ba yanzu, akwai lojisiyel ɗin lissafin da wani ya sa mini ban da kwafinsa.

Injiniyan Zengo: Kin ji ko, ta 6. Ba na faɗa ba? Maganar Oktoba gaskiya ce, amma shi ma 11 ɗin da aka cusa a mashin da ba ta cika sharaɗi ba, babu alkawarin za a ci gaba da aiko mata gyara. Yaran lakkol allo suka sani, mu ƙarfen muka sani.

Ɗan Karkada: Ba sai an formate ba. In bai wuce kwana 10 ba ana iya komawa tsohon kai tsaye daga Paramètres, wajen Récupération, takardu ba sa taɓuwa. Shi ya sa nake tambayar kwanakin, har yanzu ba ki amsa ba.

'Yar Garin Malam: Yau kwana 16. Kuma ya share wani babban dosiye Windows.old wai yana cin wuri, gaskiyarsa ne don diskin ya kusa cika.

Ɗan Karkada: To wannan ƙofar ta rufu.

Baban Shago: Ni dai shawarata kar ki kai ta wajen masu gyara ki tafi ki bari. Wani ya taɓa cire mini ram ya musanya da ƙarama, sai bayan wata biyu na gane, na koma yana rantse-rantse da Alƙur'ani. Ki zauna a gabansa ko da zai kai magariba.

Injiniyan Zengo: Baba ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, a daina yi mana kuɗin goro.

Mushen Mirya: Ɗiyata kafin a kai ga wuƙa a gwada ruwan zafi. Ki danna tutar Windows da R tare, ki rubuta devmgmt.msc, ki buɗe Cartes réseau, ki danna sau biyu a kan wanda ke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa. In akwai shafin Gestion de l'alimentation za ki ga an yi maki a layin da ke ba mashin izinin kashe katin wifi don tattalin wuta, ki cire makin. Kin ce baterinki ya yi sanyi, ki lura, yankewar ta fi yawa in kuran ya ɗauke kin koma kan bateri? In haka ne to nan ɓarawon yake. Na biyu pilot ɗin katin, wato lojisiyel ɗin da ke sa katin aiki, sau da yawa sabon Windows yakan sa nasa a madadin na kamfanin da ya ƙera mashin. Ki duba lambar mashin a ƙasanta ki ɗauko pilot ɗin wifi daga shafin kamfanin, ko na Windows 10 ne yawanci yana aiki a 11.

Bakano a Damagaram: Direba ake cewa Malam, pilot ai mai tuƙa jirgi ne hhh. Ni nawa umarnin netsh winsock reset na buga na sake kunnawa ya warke.

Injiniyan Zengo: Duk faci ne. Yau ki cire maki gobe mizajur ta zo ta maida pilot ɗinta, ki dawo nan kina kuka saura kwana biyu a ajiye aiki. Kuma ɓacewar alamar gaba ɗaya ba maganar winsock ba ce, katin ne mashin ta daina gani. Zafin nan da ya haura 40 da ƙurar da ta toshe fanka ma sun isa. Kawo ta in buɗe in hure, in formate, awa biyu an gama.

'Yar Garin Malam: Mushe kuran kam kullum sai ya ɗauke da rana kuma da rana nake aiki don da dare ina taya Inna tuwon sayarwa, amma ban jin shi ne, da can ma yana ɗaukewa wifi bai yanke ba. Kuma ina tsoron taɓa waɗannan wuraren in ɓata wani abu, garin neman gira a rasa ido. Na turo wa ɗan kawuna duk abin da kuka ce, ya ce matsalar daga wayata ce ba aikinsa ba.

Ɗan Karkada: Ashe daga waya kike rabawa! Tun farko abin da na tambaya kenan. To ki haɗa wayar da mashin da kabul ɗin caji ki kunna rabawa ta USB, ba ruwanki da wifi, ki tura babinki yau. In kuma wifin kike so ki duba ko wayar na rabawa a 5 GHz ki maida 2,4.

'Yar Garin Malam: Kabul ɗina caji kawai yake yi mashin ba ta ganinsa. Kuma kwamfutar ƙawata na kama wayar tawa ba ta yankewa, to kun ga ba wayar ba ce, amma shi ma ba zan ce ya yi kuskure ba don taimakona ya yi kyauta.

Baban Shago: Ki sayi ƙaramin kile wifi na USB a kasuwar Dole ki huta, amma a gwada a gabanki.

Injiniyan Zengo: Kuɗin kile ya fi kuɗin formate. Ni dai na faɗa.

Mushen Mirya: Makin nan fa minti ɗaya ne, in bai yi ba ki maida shi yadda yake. Kin gwada?

'Yar Garin Malam: Ban gwada ba tukun Mushe, ɗan kawuna ya ce kar in taɓa komai sai ya zo ranar Asabar.

Maman Biyu: Tunda masana na nan, wa ya san yadda ake hana mashin shan forfe ɗin nan dan Allah?