Neman shawara: ɗaga kwano da katako na jikkata yaran aikina

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rufi muke yi a wani bene. Yaro ɗaya bayansa ya riƙe, wani kuma kwano ya yanke shi a tafin hannu. Don Allah yaya ake kai kaya sama lafiya?

Wani dattijon kafinta: Wa alaikumus salam, Allah ya ba su lafiya. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a kwance shi tun a ƙasa, a riƙa turawa bibbiyu ko uku-uku. Kada kowa ya hau tsani da kaya a kafaɗa, don hannu biyun na riƙo ne. A jingina dogayen katako biyu da bango, a ɗaure kwanon da igiya wuri biyu, mutum biyu su ja daga sama yana zamewa a kan katakon. Na ƙasa ya riƙe wata igiyar daga gefe don kada kwanon ya juya, kuma kada ya kuskura ya tsaya a ƙarƙashinsa. In iska ta taso a dakata, falle ɗaya ma ya isa ya fizgo mutum ƙasa. A kuma lura da wayar wuta kafin a ɗaga dogon kwano.

Shi tsani, duk tsayin mita 4 a janye gindinsa mita 1 daga bango, kansa ya zarce bakin rufi da mita 1, a ɗaure shi.

Ma'aikacin jinya: Malam, sunkuyawa da ƙafa a miƙe da murɗa ƙugu ɗauke da kaya su ke ɓata baya. A durƙusa, a manna kayan da jiki, a miƙe da ƙarfin cinya. Abin da ya haura kilo 25 na mutum biyu ne, balle buhun siminti mai kilo 50. In ciwon ya sauka ƙafa har ta saki ko ta daina ji, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa kufce masa, a kai shi asibiti nan take, ba wajen mai tausa ba. Yankan kuma a danne da ƙyalle mai tsabta minti 10, a wanke da ruwa, ban da toka ko man birki. A yi masa allurar tetanus. In yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, wataƙila jijiya ce ta tsinke, sai likita ya duba.

Wani magini: A saya musu safar hannu mai kauri. Kayan da aka kai sama kuma a rarraba su ta saitin bango, kada a jibge a tsakiyar katakon rufi, karyewa yake.