Don Allah a taimaka: JavaScript ya ƙi ganin dokokin @container na shafinmu

Ɗan Zariya a Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon bayani, kaina ne ya ɗau zafi. Ina aiki a wani ƙaramin ofis da ke kama wa masu Umara masauki a nan Makka. Asali lissafi da amsa waya aka ɗauke ni yi, amma da wanda ya gina mana shafi ya koma ƙasarsu, sai maigida ya tuna na taɓa cewa kwamfuta na karanta. Shi ke nan kaya ya faɗo kaina, ba ƙarin ko riyal ɗaya. Ga iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa sabuntawa, kun kuwa san ba lokacin cewa "ban iya ba" ne wannan. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da ɗakuna kusa da Harami ke wuta, waya ba ta hutawa, sai bayan sallar isha'i nake samun zama kan wannan aikin.

To ga matsalar. Kowane otal yana da kati: hoto, suna, nisansa da Harami, farashi. Katin yana fitowa a tsakiyar shafi, yana kuma fitowa a gefe inda wuri ya matse. Wancan bawan Allah da dokar CSS ta @container ya tsara shi, wato katin faɗin akwatin da yake ciki yake dubawa, ba faɗin allo ba. Akwai kuma irin @container style(--lokaci: ramadan) mai canza launi. Maigida yana so taswira ta buɗe kawai idan katin yana siffarsa mai faɗi, don kar datar baƙi ta ƙare a banza. Sai na rubuta abin da zai bi document.styleSheets, ya shiga cssRules, ya duba rule.type. Wani fayil ya jefo min SecurityError, sauran kuma ko doka ɗaya ta container ban gani ba, alhali ga su nan ina kallo da idona. Ranar Lahadi maigida yake son gani.

Injiniya na Jidda:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, share duk wannan. Koma @media, ka kira window.matchMedia, magana ta ƙare. Ka san su wa ke buɗe shafinka? Dattawa daga Gusau da Maraɗi masu tsofaffin wayoyi. Tambayar faɗin akwati sai a Chrome 105 da Safari 16 ta shigo, a 2022, Firefox kuma sai 110 a farkon 2023. Ita ko style() ɗin nan, Chrome 111 ne a 2023, Safari sai 18 a 2024. Shi kuwa Safari da iOS yake tafiya: mai iPhone 7 a iOS 15 ya tsaya, mai 8 ko X a 16. Launin azumin naka ma ba za su gani ba. Na daɗe a harkar nan, abin da na gaya maka shi ne.

Ɗan Zariya a Makka:
Na gode Injiniya, amma matchMedia faɗin allo yake aunawa. A kwamfuta allon na da faɗi, katin gefe kuwa a tsuke yake, ka ga taswira za ta buɗe inda bai kamata ba. Kuma ba ni na zaɓi @container ba, tarar da shi na yi. Ba zan rushe CSS ɗin gaba ɗaya ana gobe azumi ba.

Ɗaliba a Madina:
Malam, rule.type ne ya yaudare ka. An daina ƙara masa lambobi, duk sababbin dokoki sifili yake ba su. Yi amfani da rule instanceof CSSContainerRule. In ka kama dokar, containerName zai ba ka sunan akwatin, fanko ne in ba a sa suna ba; containerQuery zai ba ka sharaɗin, kamar (min-width: 480px); conditionText kuma ya haɗa maka su biyun. Sai ka kula, in dokokin suna cikin @layer ko @media ko @supports, ba za ka gan su a sama ba, dole duk dokar da ke da nata cssRules ka sake nutsawa cikinta. In @import ne, ta rule.styleSheet za ka shiga.

Mai shago a Shara Mansur:
Hmm. Ni wannan "ba ƙarin ko riyal ɗaya" ne ya tsaya min a rai. Haka wani ya sa ɗan wana ya yi masa shafin sayar da dabino da turare, Larabci da Hausa, har ya gyara masa rubutu daga dama zuwa hagu. Da aka zo biya sai "bukra in sha Allah", wato gobe, har yau bukrar ba ta waye ba. Kai dai ka yi maganar kuɗinka kafin ka nuna masa aiki ya yi. In ya gani ya yi, ka rasa abin ciniki.

Injiniya na Jidda:
Gaskiyarka Alhaji. Ni shi ya sa ba na taɓa aikin da wani ya bari sai an biya rabi. Kuma duk wanda ya gaji shafi ya ƙi sake shi daga tushe, wahala yake tara wa kansa.

Direba mai koyon kod, Riyad:
Maganar SecurityError fa, ba ka faɗa mana daga ina fayil ɗin yake zuwa ba. In daga wani adireshi ne daban da na shafinku, misali na haruffan Larabci, burawuza ba za ta bari ka karanta cssRules ɗinsa ba. Sai ka sa crossorigin a jikin link ɗin, ita ma sabar can ta amince ta turo Access-Control-Allow-Origin. In ba ruwanka da fayil ɗin, kewaye shi da try da catch ka wuce.

Ɗan Zariya a Makka:
Masha Allah, da instanceof da try sun fito, ina ganin jerinsu yanzu. To wanne ne a ciki zai ce min dokar tana aiki a kan wannan katin?

Ɗaliba a Madina:
Babu. Nan ne gizo ke saƙar. CSSContainerRule rubutun dokar kawai yake miƙo maka, bai san wane kati ta hau ba, don doka ɗaya tana iya kama katin tsakiya ta bar na gefe. Shi matchMedia ba shi da ɗan uwa na akwati. Bari CSS ɗin ya faɗa maka da kansa: a cikin @container ɗin sa wa wani abu na cikin katin --fadi: 1, sannan ka karanta da getComputedStyle(abin).getPropertyValue('--fadi'). Na ciki fa, ba akwatin ba, don akwati ba ya tambayar kansa. Ka haɗa da ResizeObserver, mai lura da canjin girman abu, don ka sake karantawa in an juya waya. Da wannan ba ka ma buƙatar bin styleSheets.

Injiniya na Jidda:
Malama, in har za a kira ResizeObserver, mene ne na zagaye? Ya auna faɗin katin, in ya kai 480 ya buɗe taswira. Kuma wannan yana aiki a wayoyin da @container bai kai ba.

Ɗaliba a Madina:
Sai lambar ta zauna a wuri biyu, Injiniya. Gobe wani ya mayar da ta CSS 520, ya manta da ta JavaScript.

Direba mai koyon kod, Riyad:
Ni da ni ne, gurbin taswirar zan ɓoye da display: none, @container ya bayyana shi, IntersectionObserver ya jira shigowarsa allo kafin a buɗe taswirar. Abin da ke ɓoye ba zai taɓa cewa ya shigo allo ba, ka huta da auna komai.

Ɗan Zariya a Makka:
Allah ya saka muku da alheri duka. Amma ni ina ganin zan ci gaba da nawa: in ciro lambar daga cikin containerQuery, in gwada ta da faɗin katin. Ka ga ban taɓa CSS ɗin mutumin ba, in wani abu ya lalace ba a ce ni ne ba. Kuma maigida ya riga ya ga jerin a allo, ya ji daɗi.

Ɗaliba a Madina:
In sharaɗin da ma'aunin em aka rubuta shi maimakon px fa, ko da "and" a ciki, ko (width > 30rem)? Duk za ka zauna ka fassara da hannu? Kuma ka duba wane akwati dokar ke tambaya, wataƙila ba katin ba ne, uwarsa ce.

Ɗan Zariya a Makka:
Duk px ne waɗanda na gani. An kira sallah, zan dawo.

Injiniya na Jidda:
Zai dawo kan maganata, ku zuba ido.

Mai shago a Shara Mansur:
Tunda kana harkar masauki, nawa ɗaki yake a Misfala goman ƙarshe? Ina da baƙi daga Katsina.