Ƙwaron da ke shigar rina yana kashe kabewa a lambunan Amurka

Mai Lambu, Minnesota:
Salamu alaikum. Wanda duk ya shuka kabewa a gabashin Amurka ya sa ido daga ƙarshen Yuni. Za ku ga wani ƙwaro yana shawagi da rana tsaka, cikinsa ruwan lemo da ɗigon baƙi, fikafikan baya garau kamar gilashi. Sai ka rantse rina ce, alhali dangin faɗa-wuta ne, sunansa na kimiyya Melittia cucurbitae, kuma ba ya harbi. Ku dubi ƙugunsa: ba siriri ba ne irin na zanzaro, ƙafafun baya kuma buzu-buzu da gashi.

Hajiyar Ohio:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɓarnar ba ta uwar ba ce, ta 'ya'yan ce. Tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a gindin shuka, ruwan ƙasa-ƙasa, bai wuce milimita 1 ba. Cikin kamar mako guda tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda kara, ta yi mako 4 zuwa 6 tana ci daga ciki. Shi ya sa feshi bayan ta shige asarar magani ne. Alamar farko, ganye ya yi yaushi da rana ko da an ba shi ruwa. Ka tsuguna ka duba gindi, za ka ga wani jiƙaƙƙen gari kamar dusar katako yana fitowa daga ƙaramin rami.

Baban Khalifa, Texas:
Hajiya, idan an gani da wuri ana ceto shukar. A tsaga karan a tsaye da reza, kada a yanka a gicciye, a bi ramin har a zaro farar tsutsar mai kai ruwan ƙasa. A sake dubawa, sau da yawa ba ita kaɗai ba ce. Sai a tula damshin ƙasa a kan tsagar, a kuma binne gaɓoɓin yaɗon don su yi sabbin saiwoyi. Mu nan kudu sau biyu take zuwa a shekara.

Mai Lambu, Minnesota:
Rufe shuka da yadin raga yana aiki, amma fa ba a inda aka yi kabewa bara ba. Tsutsar tana kwana hunturu a cikin ƙasa, zurfin santimita 3 zuwa 5, sai ka kulle ta tare da abincinta. In fure ya fito a yaye ragar saboda ƙudan zuma su samu sauka a kansa ya yi 'ya'ya. Irin kabewar da ake kira butternut ya fi wanda ake kira zucchini jurewa, don karansa a cike yake.