Muhawara: Shin mutanen duniya duka za su iya zama a birni ɗaya?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, duniya ba ta cika ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022. Faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Ku raba ku gani, kowace murabba'in kilomita mutum wajen 8,700 za ta ɗauka. Birnin New York na Amurka ya fi haka cunkoso, kuma ana zaune a cikinsa. Da za a mai da Nijeriya birni guda, kowa zai samu wurin kwana, sauran duniya ta zama fayau.

Malama, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Lissafinka ya fita ƙanena, amma wurin kwana kawai ka ba su. Me za su sha? Ana ƙiyasta mutum na bukatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki, wato jarka biyu irin ta 'yan ga-ruwa. Mutum biliyan 8 kenan lita biliyan 400 kullum, fiye da rabin ruwan da kogin Kwara ke zubawa cikin teku. Mu nan muna da Galma da Kubanni da madatsar Shika, amma idan bazara ta tsaya, tun asuba nake leƙen ƙofa ina jiran mai kura, in ya iso jarkokin rabinsu an riga an saye a hanya.

Ɗan Samaru: Yaya, ai ana tace ruwan teku. Saudiyya da shi take shayar da biranenta.

Malama, Tudun Wada: Da wace wutar? Sannan a turo shi daga bakin teku har Zariya, a hau tudu da shi?

Manomi, Giwa: Ku bar batun sha tukuna. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba noma ke shanye shi. Filayen da ake shuka a duniya sun kai wajen hekta biliyan 1.5, sun ninka Nijeriya sau 16. To Malam, in ka kwashe kowa ka kai birni, wa zai yi huɗa, wa zai yi girbi? Sauran duniyar da ka ce za ta zama fayau, ita ce gonar. Ko yanzu kwandon tumatir da aka loda a nan, kafin ya isa Legas, na ƙasan kwandon ya yi ruwa. Ina ga wanda za a ɗauko daga wata nahiya?

Ɗan Samaru: Injina za su yi noman, Baba.

Manomi, Giwa: Injin ma mutum ke tuƙa shi, mutum ke gyara shi. Ka fitar da waɗannan da iyalansu, ga ƙauyuka sun dawo.

Alhaji, Ƙofar Doka: Wanda ya kwana a Mina ya san nauyin taro. Mahajjatan 2023 wajen miliyan 1.8 ne, kwanaki kaɗan suke yi, kuma shekara guda ake shiri dominsu, duk da haka sai ka ga layin banɗaki. Ba mu manta turmutsutsun 2015 ba, da 'yan Nijeriya cikin waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Akwai kuma abin da ba ku taɓo ba: mutum wajen miliyan 60 ke rasuwa duk shekara, sama da 160,000 a rana. Ina maƙabartar? Mu da ba ma jinkirta jana'iza, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. In annoba ta ɓulla kuma, babu wani gari na biyu.

Jama'a: Amin ya Allah.

Ɗan Samaru: Amin. Ranka ya daɗe, ban ce a gina shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗora wa yawan jama'a laifin kowace wahala, alhali rashin tsari ne. Singafo ta kusa wannan cunkoson, famfonta bai ƙafe ba.

Malama, Tudun Wada: Singafo daga Malesiya take sayen wani kaso na ruwanta, abincinta kuwa sama da kashi 90 cikin 100 daga waje yake zuwa. Tana da maƙwabtan da ke ciyar da ita. Birninka wa zai saya a wurinsa?