Sau uku ina yin PCR, amma layin da nake nema bai fito a kan jel ba

Ɗalibar aji uku, Jidda:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga ɗakin gwaje-gwaje. A wannan zangon an ba mu aikin ciro DNA daga jini, mu ninka wani yanki nasa mai tsawon haruffa 500 ta hanyar PCR, sannan mu duba sakamakon a kan jel na agaros. Sau uku ke nan ina maimaita aikin, kuma duk lokacin da na ɗora jel ɗin a kan fitilar, tsanin awo, wato jerin guntayen DNA da aka san tsawonsu da ake kwatanta samfuri da su, yana fitowa tsaf da dukkan matakansa, amma a ramukan samfurina babu komai sai wani haske dishi-dishi can ƙasa, bai ko kai matakin haruffa 100 ba. Na canza bututu, na canza ruwa, na bi takardar umarni layi-layi. Abin yana damuna ƙwarai, domin saura mako biyu mu miƙa rahoto. A ina zan fara neman kuskuren?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Makka:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jel ɗinki ya riga ya ba ki rabin amsa. Tun da tsanin ya fito, to agaros ɗin, da ruwan da aka nutsa shi a ciki, da rinin da ke haska DNA, da wutar da ke jan shi zuwa ɓangaren jar waya, duk lafiyarsu ƙalau, kada ki ƙara ɓata lokaci a kansu. Hasken nan na ƙasa kuma, mafi yawanci firaimomi ne, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a fara ninkawa, suka manne wa juna aka ninka su, wanda ke nuna cewa enzayim ɗin Taq, mai gina sabon DNA, yana da rai. Saura abu biyu: ko dai DNA ɗin da kika ciro, ko kuma zafin da kika sa wa injin a matakin da firaimomi ke manne wa DNA ɗin.

Sai dai ban ga kin ambaci bututun shaida ba, kuma shi ne abin da na fi so ki riƙe. Ki nemi DNA da aka tabbatar yana aiki daga wurin mai kula da ɗakin, ki sa shi a bututu guda, ki sa ruwa zalla a wani, ki haɗa su da samfurinki a zagaye ɗaya. Idan na shaidar ya ba da layi naki bai ba da ba, laifin na samfurinki ne. Idan dukkansu suka yi shiru, sai ki koma kan injin, ki tabbatar yana raba igiyoyin DNA biyu a digiri 94 ko 95, yana ginawa a 72, sannan ki sauke zafin mannewa zuwa kimanin digiri 5 ƙasa da zafin narkewar firaimomin, wanda ke rubuce a takardar da ta zo da su.

Mai karatun digiri na biyu, Jidda:

Ƙanwata, ni a Wad Madani ta Sudan na fara wannan aiki kafin mu dawo nan, kuma irin wannan matsala ta cinye mini kusan wata guda, saboda haka zan yi miki tambayoyi biyu. Wane launi ne murfin bututun da aka ɗebi jinin a ciki? Idan kore ne, akwai hefarin a ciki, sinadarin hana jini daskarewa, kuma hefarin yana hana PCR tafiya ko da an wanke DNA ɗin; mai murfin shunayya, mai sinadarin EDTA, shi ake so.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci. Ruwan wanki na ƙarshe da ake zubawa a kan matatar da ke riƙe DNA yayin ciro shi yana ɗauke da itanol, kuma shi ya sa umarnin yake cewa a sake juya matatar a sentirifuj, injin juya bututu da ƙarfi, babu komai a cikinta na minti ɗaya ko biyu kafin a sauko da DNA. Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan mataki domin yana kama da maimaici, ni ma na tsallake shi. Na gane kuskurena ne ranar da na zuba DNA ɗin kansa a ramin jel, na ga ɗigon shuɗin ya ƙi zama a ƙasa, ya taso sama kamar hayaƙi ya watse cikin ruwan, domin itanol ya fi ruwa rashin nauyi. Ki auna samfurin kuma: idan aka raba abin da ya sha na haske a nanomita 260 da na 280, tsabtataccen DNA yana ba da kusan 1.8. Amma ki sani wannan awon ba ya tona asirin itanol, don haka kyakkyawar lamba ba ta wanke samfurin daga zargi ba.

Kafin ki sake ciro wani, ki gwada abu mai sauƙi: ki haɗa maikrolita 1 na samfurin da maikrolita 9 na ruwa, ki yi PCR da wannan. Zagaye 30 yana iya mayar da kwafi ɗaya ya zarce biliyan, saboda haka DNA kaɗan ya isa, alhali abin da ke hana aikin ya ragu sau goma.

Ɗalibar aji uku, Jidda:

Malam, Yaya, Allah ya saka muku da alheri. Murfin shunayya ne, amma matakin busar da matatar lallai na tsallake shi, domin ana gab da rufe ɗakin a ranar. Jiya na sa bututu huɗu kamar yadda kuka ce. Na shaidar ya ba da layi mai kauri daidai matakin 500, na ruwa zalla bai ba da komai ba sai hasken nan na ƙasa, samfurina na asali ya sake yin shiru, wanda na sirka kuwa ya ba da layi siriri a daidai wurin da ake nema. Ranar Lahadi zan sake ciro DNA daga sauran jinin da ke cikin firji, in busar da matatar minti biyu cur, in kuma sa hotunan jel ɗin duka biyu a rahoton.